Gen da silu-ret a of-am: shin ƙara ninki yana rage wa ai-si gudu?

Tambayar da ta raba kan majalisarmu a warsha, wato shagon gyara, makonni biyu da suka wuce ita ce: idan ka ƙara wa amfilifaya gen, wato ninkin da yake yi wa sigina, shin ai-si ɗin da ke ciki, ɗan guntun lantarkin da ke yin ninkin, saurinsa raguwa yake yi? Tun da aka rushe unguwannin Sabil da Karantina muka watsu cikin Jidda, daren Alhamis ne kawai ke haɗa mu, mu masu gyaran miksa da na'urorin sauti, kuma ba a cika tashi ba a yi musu a kan wani abu na sana'a ba. Wannan karon musun ya yi tsawo har shayi ya huce a buta.

Ɗan yayata, mai karatun lantarki a wata kwalejin fasaha, shi ya taso da zancen. Ya ce: "Kawu, ai a fili take. Na ɗaga gen daga 1 zuwa 100, sai ga sigina tana jan ƙafa a osiloskof. Silu-ret ɗin ne ya faɗi." Osiloskof na'ura ce mai nuna siffar sigina a fuskarta, silu-ret kuwa iyakar saurin da bolt ɗin da ai-si ke fitarwa zai iya hawa ko sauka. Wani dattijo da ya haura shekara talatin yana ɗaura wa masallatai lasifika ya mara masa baya da shaidar kunne: in ka rage ƙara sauti ya washe, in ka ƙure ta ya dagule. Na ukunsu kuwa, wanda ba ya rabuwa da takardun bayanan kamfani a wayarsa, cewa ya yi hanyar jirgi daban ta mota daban. Lamba ɗaya kamfani ya rubuta wa silu-ret, bai ce tana sauyawa da gen ba, saboda haka babu abin da ya haɗa su.

Kowannensu ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya saki sauran. Kuma ba musun fatar baki ba ne, domin kasa rarrabe abubuwan nan yana sa mai gyara ya ciro ai-si mai lafiya ya yar, ya sayo mai tsada, matsalar kuma tana nan inda take. Kuɗin kwamitin masallaci ko na mai ɗakin biki ne ke tafiya a banza.

## Gen, ninkin da kai ne ka zaɓa

Of-am ɗan ƙaramin ai-si ne, yawanci mai ƙafa takwas, da mashiga biyu da mafita ɗaya. Aikinsa ya dubi bambancin bolt da ke tsakanin mashigan biyu ya ninka shi. In ka bar shi haka ba linzami, ninkin ya wuce misali: 741, wanda duk mai koyo ke fara taɓawa, yana ninkawa wajen sau 200,000. Ba wanda zai iya aiki da irin wannan, don motsin da bai kai milibolt ɗaya ba ma, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt, ya isa ya jefa mafita ta bugi ƙarshen wutar da aka ba ta. Shi ya sa ake ɗebo wani kaso na abin da ya fita a mayar da shi ƙafa mai alamar ragi ta hanyar rezista biyu. Wannan komen shi ne fidbak, shi ne linzamin.

Ka sa rezista mai om dubu 100 daga mafita zuwa ƙafar ragi, ka sa mai om dubu ɗaya daga nan zuwa ƙasa, ka sami ninki 101. Ka sauya ta farkon da mai om dubu 10, ninkin ya dawo 11. Ai-si ɗin bai canza ba, rezistocinka ne suka canza. Gen dai umarni ne: duk abin da ya shigo, a kai shi sau kaza. Babu lokaci a cikin ma'auninsa, bolt ne a kan bolt. Nisan tafiya yake faɗa, ba ya faɗin saurinta.

## Gudun hawa da inda yake fitowa

Silu-ret, wanda zan riƙa kira gudun hawa, shi ne iyakar bolt ɗin da mafita za ta iya hawa ko sauka cikin maikirosakan guda, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Na 741 rabin bolt ne. In ka ce ta tashi daga sifili zuwa bolt 10, sai ta ci maikirosakan 20, ko me ka yi mata.

Wannan iyaka tana da tarihi. Of-am ɗin da ya fara cin kasuwa sosai shi ne 709, wanda Bob Widlar ya zana wa kamfanin Fairchild a 1965. Yana aiki, amma sai ka ɗaura masa kafasita da rezista daga waje, ka kuma daidaita su da ninkin da kake so, in ba haka ba ya kama kaɗawa shi kaɗai ba tare da an ba shi sigina ba. A 1968 David Fullagar, injiniya ɗan asalin Ingila a wannan kamfani, ya fito da 741, ya cusa kafasita mai fikofarad 30 a cikin ai-si ɗin kansa. Daga nan kowa ya huta: ka sa shi a kowane ninki, har ninki ɗaya, ya zauna lafiya. To wannan kafasitar da ta kawo natsuwa, ita ce kuma ta ɗaure masa ƙafa.

Duk wanda ya taɓa jiran wayit, wato motar ruwa, ya cika masa tankin gida a garin nan ya san lissafin. Saurin hawan ruwa a tanki ya dogara da abu biyu, kaurin tiyo da faɗin tanki. Ko ka tsaya a kan direba kana ihu, ruwan ba zai wuce abin da tiyo ke iya ɗauka ba. A cikin of-am, kafasitar nan ita ce tanki, kuma taransistocin da ke bakin mashiga su ne tiyo. Duk ƙoƙarinsu a 741, wutar da suke iya turawa ba ta wuce maikiro'amf 15 zuwa 20 ba. Raba 15 da fikofarad 30 ɗin kafasitar, ka ga rabin bolt ɗin nan ya fito da kansa.

Ka lura, a wannan rabawa babu rezistocinka ko ɗaya. A nan mai takardun kamfani ya yi gaskiya: ga of-am na yau da kullum mai kafasita a ciki, sauya gen ba ya taɓa gudun hawa. Abin da ke sauya shi shi ne sauya ai-si. LM358, mai arhar nan da ke cikin caja da inbata, gudunsa wajen 0.3 ne. 4558 da ya cika tsofaffin miksa yana tsakanin 1 da 2. NE5532 na Signetics yana kai 9. TL072 na Texas Instruments, da ake yi wa bakin mashiga da wani nau'in taransisto daban, yana kai 13.

## Inda gen ke shigowa: abin da kake nema a hannun ai-si

Amma cewa babu abin da ya haɗa su, wannan kam kuskure ne.

Ɗauki lif a ɗaya daga dogayen otal ɗin Makka. Yana da gudun da ba ya wucewa. In tsakanin hawa na ɗaya da na uku kake aikensa, zai je ya dawo sau da yawa cikin minti guda. In ka ce tsakanin na ɗaya da na talatin, kuma kana son ya je ya dawo sau adadin na ɗazu, ba zai kai ba. Yana hawa na goma sha biyu za a kira shi ƙasa, ya juyo. Lif ɗin bai rage gudu ba, kai ne ka tsawaita masa tafiya ba ka ƙara masa lokaci ba. Ƙara gen alhali siginar da ke shigowa tana nan yadda take, tsawaita tafiya ne.

Ga sigina mai lanƙwasa sumul, wadda ake kira sain, lissafin abu ne mai sauƙi. Ka ɗauki 6.28, ka ninka da yawan kaɗawarta a daƙiƙa, ka ninka da ƙololuwar bolt ɗin da kake so a mafita. Abin da ya fito shi ne gudun da ake bukata a daidai tsakiyar lanƙwasar, inda ta fi tsayuwa. Ƙololuwar mafita kuwa ita ce abin da ya shigo sau gen. Ta wannan ƙofa gen ya shiga maganar.

Bari mu gwada da 741 a kilohaz 20, wato kaɗawa dubu 20 a daƙiƙa, ƙarshen abin da kunnen matashi ke ji. Sigina mai milibolt 100 ta shigo. A ninki 10, mafita bolt ɗaya ce, bukatar kuma bolt 0.13 a maikirosakan, ai-si yana tafiya ba gumi. Yanzu a ce bolt ɗaya ne ya shigo a wannan ninki: mafita na neman bolt 10, bukatar ta zama 1.26, ninki biyu da rabi na abin da yake da shi. Daga ƙasan igiyar zuwa samanta bolt 20 ne, lokacin da aka ba shi maikirosakan 25, iyakar abin da zai iya ci a ciki bolt 12.5. Sai ka ga lanƙwasar ta ɓace a fuskar osiloskof, ta koma alwatika mai miƙaƙƙun gefe, tsayinta kuma ya gaza. In ka juya lissafin, za ka ga 741 yana iya ba da cikakken bolt 10 ne kawai zuwa wajen kilohaz 8, a kilohaz 20 kuwa bai wuce bolt 4 ba.

A ɗaya ɓangaren, wutar gidajenmu a Saudiyya haz 60 take kaɗawa. Sakit ɗin da ke auna ta, ko da bolt 10 yake fitarwa, bukatarsa ba ta kai 0.004 ba. 741 ya fi ƙarfin wannan aiki sau ɗari da ɗoriya. Wanda ya sayo ai-si mai gudu don irin wannan ya yi asarar riyal ɗinsa.

## Ɗaya katangar, wadda ake ɗora wa gudun hawa laifinta

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙar. Akwai wata iyaka ta biyu, ita ce take raguwa kai tsaye in gen ya ƙaru, kuma ita mutane ke gani su kira ta silu-ret.

Ninkin 200,000 ɗin nan na 741 ba ya daɗewa. Daga wajen haz 5 ya fara zubewa, saboda dai wannan kafasita: duk sanda kaɗawa ta ninku sau goma, ya ragu sau goma, har ya zama ɗaya a wajen megahaz guda, wato kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa. Sakamakon haka, in ka ninka gen da faɗin zango, wato iyakar yawan kaɗawar da sakit zai iya ɗauka, lamba ɗaya kake samu kullum, miliyan ɗaya. Ninki 10 ya ba ka kilohaz 100. Ninki 100 ya ba ka kilohaz 10. Ninki 1,000 ya bar ka da kilohaz ɗaya tak. Kamar gwado ne da bai isa ba, in ka ja shi ka rufe kai ƙafa ta fito. Wannan iyaka ba ruwanta da girman sigina. Ko milibolt biyu kake fitarwa tana nan.

Bara an kawo mini wata 'yar na'ura daga wani ƙaramin masallaci a kudancin gari, wadda ke ɗaga siginar makirfo kafin ta shiga babban amfilifaya. Ladan ne ya kawo ta da kansa, a naɗe cikin tsohon rawani. Ya ce: "Malam, karatun liman ya zama kamar yana magana ta cikin matashi. Sinun da shinun da sadun duk sun zama abu ɗaya." An riga an kai ta wani wuri, an ce masa ai-si ɗin ba shi da gudu. Da na buɗe, 741 ne guda ɗaya, an ɗora masa ninki 200 shi kaɗai, mai yiwuwa don makirfon da aka sauya ya fi na da rauni. Miliyan ɗaya a raba da 200, kilohaz 5 ke nan. Haruffan nan masu shewa kuwa, yawancin abin da ke bambanta su a kunne yana daga wajen kilohaz 4 zuwa sama. Daidai wurin aka datse. Na auna mafita, ba ta kai bolt ɗaya ba. Ko a kilohaz 10, bukatarta 0.06 ce, kashi ɗaya cikin takwas na abin da 741 ke iyawa. Gudun hawa bai san ma ana yi ba.

Da an cire shi an sa TL071, ɗan'uwan TL072, da sautin ya gyaru, kuma da kowa ya tafi da yaƙinin cewa gudu ne matsalar. Alhali abin da ya taimaka shi ne TL071 yana da megahaz 3, sai zangon ya koma kilohaz 15. Gudunsa da ya ninka na 741 sau 26 bai yi aikin komai ba a wurin. Wannan ne tushen ruɗanin a ganina: ai-si mai gudu yawanci shi ne kuma mai faɗin zango, sai magani ya ci, a yaba wa abin da ba shi ya warkar ba. Ni raba aikin na yi gida biyu, kowane mataki ninki 14, zangon duka biyun ya kai wajen kilohaz 45. Sai dai a riƙe wannan: raba ninki yana maganin zango, ba ya maganin gudun hawa, domin matakin ƙarshe shi zai ɗauki dukan bolt ɗin komai yawan matakan da ke gabansa.

Akwai kuma wata ɓarna da ke zuwa tun kafin a isa katangar. Fidbak yana gyara karkacewar sauti ne da rarar ninkin da ta saura tsakanin abin da ai-si ke iyawa da abin da ka nema. A kilohaz 20, abin da ya rage wa 741 ninki 50 ne kacal. In ka nemi 10, rarar biyar ce. Da wannan 'yar rara zai gyara duk wani kuskurensa, kuma ba ta isa ba.

## Abin da ɗan yayata ya gani

Washegarin musun na ce wa ɗan yayata ya zo da sakit ɗinsa. Muka ba shi sigina mai tsalle, irin wadda ke tashi tsaye ta sauka tsaye, muka daidaita yadda mafita za ta yi tsallen bolt 5 a gwaji biyu.

A ninki ɗaya, dole abin da ke shiga ya zama bolt 5. A daidai lokacin tsallen mafita ba ta motsa ba tukuna, saboda haka dukan bolt biyar ɗin suna tsaye tsakanin mashigan biyu. Taransistocin 741 kuwa, da bambancin ya wuce wajen milibolt 80 sun ƙure, sun buɗe tiyo gaba ɗaya. Muka ga miƙaƙƙen layi kamar an ja da rula, ya ci maikirosakan 10. Wannan shi ne gudun hawa tsantsa.

A ninki 100, milibolt 50 kawai ke shiga. Bai isa ya ƙure bakin mashiga ba. Hawan ya fi na farko jinkiri, wajen maikirosakan 35, amma a lanƙwashe yake, ya fara da sauri ya ƙare a hankali kamar mai isowa bakin ƙofa. Ya yi shiru yana kallo, can ya ce: "Ashe a babban gen ɗin ma bai taɓa silu-ret ɗin ba." Haka ne. Jan ƙafar da ya gani gaskiya ce, amma ta zango ce. Ga mafita mai girma ɗaya, ƙaramin ninki ne ya fi saurin ƙure gudun hawa, ba babba ba.

Na nuna masa gwajin da nake yi kullum, wanda ba ya cin minti guda. Ka rage siginar shiga rabi. In lokacin hawan ya ragu rabi, gangaren layin kuma bai canza ba, gudun hawa ne ya tare ka. In lokacin yana nan yadda yake, siffar ce kawai ta ƙanƙance, zango ne.

## Inda babban ninki ke kawo ƙarin gudu

Akwai wurin da gen da gudun hawa suke da dangantaka ta jini, sai dai a juye take da abin da aka zata. Kafasita mai fikofarad 30 an zaɓe ta ne don hali mafi tsanani, wato ninki ɗaya, inda ake mayar da dukan mafita baya. In ninkinka babba ne, kason da ke komawa kaɗan ne, ƙaramar kafasita ma ta isa ta hana kaɗawa. Ƙaramin tanki da tiyo iri ɗaya kuwa, ai ruwa sai ya hau da sauri.

Shi ya sa aka yi 748 da LM301, waɗanda ke barin ka zaɓi kafasitar da kanka. NE5534 yana ba da 13 in ninkinka uku ne zuwa sama. In kana son ninki ɗaya sai ka ɗaura masa fikofarad 22 tsakanin ƙafa ta 5 da ta 8, gudun ya sauko 6. OP27 da OP37 tagwaye ne: na farkon 2.8, yana zama a kowane ninki, na biyun 17, amma da sharaɗin ninki biyar ko fiye. Haka LF356 mai 12 da LF357 mai 50. Ba gen ɗin ne ya ƙara gudun da kansa ba, dama ya bayar aka rage kafasita.

Haɗarin a nan babba ne ga mai gyara. Ka ga lamba mai kyau a takarda, ka ɗauki OP37 ka sa a gurbin da ninkinsa ɗaya ne, sai ya kama kaɗawa a megahaz da kunne ba ya ji. Ai-si ya yi zafi, sauti ya dushe, wani lokaci ƙananan sifikun tirebul su ƙone. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Lambar da ke takarda ma an auna ta ne a wani yanayi da kamfani ya ayyana, galibi ninki ɗaya da ɗan ƙaramin kaya a mafita. Doguwar waya ita kanta kafasita ce, takan kai wajen fikofarad 100 a kowace mita. Ka ja mita ɗari daga mihrabi zuwa ɗakin na'urori, kana da fikofarad 10,000. Ai-si mai iya tura miliyamf 20 ba zai cika wannan da gudun da ya wuce bolt 2 a maikirosakan ba, ko da an rubuta 13 a takardarsa.

## Shaidar dattijo, da inda gudun hawa ke cizo da gaske

A watan Mayun 2021 Ma'aikatar Harkokin Addinin Musulunci ta Saudiyya ta ba da umarnin a taƙaita lasifikan wajen masallaci ga kiran salla da iƙama, kada ƙararsu ta wuce kashi ɗaya bisa uku. Dattijon namu ya ce tun daga lokacin kiran salla a masallatan da yake kula da su ya fi fita tar. Ban musa masa abin da kunnensa ya ji ba, shekarunsa a aikin nan sun fi nawa. Na ce masa: "Baba, sautin ya washe, amma ba na jin gudun hawa ne dalili."

Muryar mutum ƙarfinta yana ƙasa, daga haz ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai. Na saman akwai shi, shi ke fayyace haruffa, amma ba shi da girma. Tunda bukatar gudu ita ce kaɗawa sau girma, murya ba ta cika ƙure ko 741 ba. Abin da ke dagula sauti in an ƙure ƙara yawanci shi ne mafita ta bugi ƙarshen wutar da ke ciyar da ita, kan igiyar ya yanke ya zama shimfiɗaɗɗe, sai kuma ƙahon lasifika da aka ɗora wa fiye da ƙarfinsa. Rage ƙara yana maganin waɗannan duka. Katanga ce ta uku, ita ma gen ne ke kai ka gare ta.

Gudun hawa yana cizo ne a wasu wuraren. Babban amfilifaya mai wat 100 a kan sifika mai om 8 yana kai ƙololuwar bolt 40, kuma a kilohaz 20 wannan na bukatar bolt 5 a maikirosakan. A shekarun 1970 injiniyoyin sauti sun yi doguwar muhawara a kan irin wannan gurɓacewa, bayan Matti Otala na ƙasar Finlan ya ja hankali gare ta. Ɗalibai masu haɗa na'urar auna nisa da sautin kilohaz 40 suna cin karo da ita kullum: LM358 ba zai fitar da sain mai tsabta da ta wuce ƙololuwar bolt 1.2 ba a wannan kaɗawa, zangonsa ma ba zai bar ka ka wuce ninki ashirin da wani abu a mataki ɗaya ba. Haka masu gyaran inbata da ke sa of-am ya yi aikin kunnawa da kashewa a kilohaz 20: tsallen bolt 12 da gudun 0.3 zai ci maikirosakan 40, alhali zagayen gaba ɗaya 50 ne. Taransistocin wuta su daɗe a tsaka-tsaki, ba a kunne ba ba a kashe ba, su yi zafi su mutu. Kuma gurɓacewa tana farawa tun kafin a isa iyakar da lissafi ya nuna, shi ya sa ni nakan nemi ai-si mai ninki uku zuwa biyar na abin da na lissafa.

## Lambar da ke jiki da abin da ke ciki

Abu na ƙarshe da ya sa nake son kowane mai gyara ya iya auna gudun hawa da kansa shi ne jabun kaya. LM358 da 4558 da TL072 da NE5532 duk tsarin ƙafafunsu ɗaya ne. Wanda ya goge rubutun mai arha ya buga na mai tsada, in ka dasa shi zai yi aiki, sauti zai fito, ba za ka gane da wuri ba.

Watanni kaɗan da suka wuce na sayi TL072 guda goma a wani shago, a farashin da ya kamata ya sa ni tsayawa in yi tunani. Na sa ɗaya a miksar wani mai ɗakin biki, bayan kwana biyu ya dawo da ita ransa a ɓace, wai fiyano yana ƙara kamar ana yaga takarda. Abin ya dame ni ƙwarai, don mutumin ya shekara yana kawo mini aiki bisa amana. A daren na kira ɗan yayata, muka haɗa ɗaya daga cikin sauran a ninki ɗaya, muka ba shi tsallen bolt 10. TL072 na gaskiya bai kamata ya cika maikirosakan ɗaya ba. Layin ya miƙe a hankali a fuskar osiloskof, shi kuma yana ƙirga gidajen da ɗan yatsa, ɗaya, biyu, uku, kowane gida maikirosakan goma. Ya raba goma da talatin a kansa, ya ɗago ya ce: "Kawu, wannan 0.3 ne."

Na sauya wa mai miksar da na gaske ban karɓi ko riyal ɗaya ba. Jabun kuma na zuba su a wata 'yar kwalba, na manna takarda na rubuta 0.3 a jiki, na ajiye su a layin kayan gyaran caja da na'urar auna batir.